Ka Kai Ni Rafin Balbela

"Ni za ka koya wa Hawan Kibo?" Baba Hezekiya ya sake dukan benci da tafin hannu, har kwalbar lemon da ke gefensa ta yi rawa. "Ni? Tun ana goya ka nake hawa dutsen nan ina sauka, da mota shaƙe da mutane da buhunan dankali. Babu direban da uwarsa ta sa masa albarka da zai tsaya a wannan kwanar. Ko injin ne ya mutu, ka sake ta da baya a hankali ka nemi fili. Amma kai ka girke bas a tsakiyar kwana, wai a sauko a yi waƙa!"

"Baba, ai fim ne," in ji Abdulfatah, yana murza rimot a hannu kamar carbi.

"To fim ɗin ne zai hana tirela gangarowa ta niƙe su?"

Wuri ya ɗauki dariya.

Gidan kallon Gyang ne, wanda ke bayan kasuwar Bukuru, inda samari ke taruwa kallon ƙwallo. Sama langa-langa, gefe langa-langa, ƙofar ma langa-langa ce, irin wadda ake rufewa da lallashi, don in aka buga ta duk ginin sai ya amsa. Ranar Asabar ce da la'asar, ba wasan ƙwallo, shi ya sa Gyang ya ba da aron wurin. Abdulfatah, ɗan wajen Hassana mai tumatur, shi ya tara mutane: direbobin tasha, matan kasuwa, 'yan keke, har da wasu da ruwan sama kawai ya koro suka samu benci. Fim ɗinsa na farko ya kawo a gani kafin ya fita duniya. Masu rarraba fim sun ce masa ya yi tsawo, dole a datse wani wuri. Shi kuwa mutum ne da ko kaza ba ya iya yankawa, sai ya ce bari jama'a su zaɓa masa, a ɗaga hannu.

Fim ɗin, Sai Makurɗi sunansa, labarin wasu 'yan karoke ne su uku. Karoke kuwa, don wanda Allah bai jarrabe shi da gani ba, wani abu ne da ake yi a wuraren shaƙatawa. Inji ya saki kiɗa tsirara ba murya, kalmomin waƙa suna gudu a fuskar talabijin, kai kuma ka kama makirfo ka bi su kamar mai korar kaza a tsakar gida. A cikin ukun nan akwai tela mai rufe ido in zai rera, ya manta ai da idon ake karanta kalmomin. Akwai tsohon ɗan sanda da karatu ke yi wa nauyi, kullum waƙa ta kai amshi shi yana kokawa da layin farko. Sai wata ƙatuwar mata, Madam Kyauta, wadda in ta buɗe baki karnukan unguwa ke amsa mata. Su ukun suka ɗora injinsu a kan wata tsohuwar bas, za su gasa a Makurɗi. A hanya akuya ta cinye musu wayar makirfo, ta kuma bi su har cikin masauki ta kwana a gadon ɗan sandan. An yi dariya har wata mai kabeji ta sulale daga benci.

Sai a hanyar dawowa, bayan sun sha kaye, bas ɗin ta mutu a Hawan Kibo da sassafe, gajimare ya sauko ya kwanta a kan titi. Injin karoke ya ƙi tashi. Madam Kyauta ta zauna a kan dutse, ba kiɗa, ba kalmomi a talabijin, ta buɗe baki. Karnuka ba su amsa ba. A gidan kallon ma ba wanda ya amsa. Har masu cin gyaɗa sun dakata da ɓawo a hannu.

To, muryar ba ta 'yar fim ɗin ba ce. Haka ake yi: wata ta motsa baki a gaban kyamara, wata can a ɗaki ta yi waƙar. Mai muryar kuwa tana zaune a bencin baya, ta dunƙule hannuwa cikin suwaita, tana kallon ƙeyar mijinta yana dukan benci. Loyis ke nan, wadda ake girmamawa da Ngo, wato uwa, Maman Precious, mai dankali a rumfar da ke jikin ta Hassana.

Yadda abin ya faru ba wani dogon labari ba ne. Wata rana da hantsi, kasuwa ba ta cika ba, Loyis tana tsince ruɓaɓɓen dankali tana 'yar waƙarta ƙasa-ƙasa, Abdulfatah ya zo kawo wa uwarsa maganin ciwon ƙafa. Ya tsaya da leda a hannu kamar an dasa shi. Daga ranar ya yi ta naci, yau ya zo gobe ya zo, ya haɗa ta da Allah, ya haɗa ta da uwarsa, har ta gaji ta shiga keke suka tafi Laranto. Wani ɗan ɗakin ɗaukar murya ne da aka manne bangonsa da kwalayen ƙwai. Aka kifa mata wasu abubuwa a kunne kamar murfin kwano, ta ji numfashinta yana dawo mata kamar na wata baƙuwa. Ta gyara murya a hankali, hm-hm, yadda take yi kafin addu'ar abinci, ta rufe ido, ta yi. Da ta buɗe ido, mai injin yana share fuska da hularsa, wai mura ce.

Sharaɗi biyu ta kafa. Kada a sa sunanta, don dattijuwa ce a Zumuntar Mata ta coci, ba ta so a ce Ngo Loyis ta koma 'yar fim da furfurarta. Kada kuma a gaya wa Baban Precious. Na biyun nan kuwa akwai abin da ke ƙarƙashinsa. So take ya zauna cikin mutane, muryar ta fito, ya juyo da kansa ya neme ta da ido. Mutumin da kuka tsufa a ɗaki ɗaya, ai ko tarinki ya ji a cikin taro ya kamata ya ce wannan tawa ce. Shi ya sa ta goge masa riga, ta lallaɓo shi da cewa fim ɗin mota ne, ana neman ra'ayin manyan direbobi.

Shi kuwa babban direba, yana ganin an tsayar da bas a kwana ya ja tsaki, ya jawo hula ya rufe fuska don takaici. Kafin Madam Kyauta ta gama zama a kan dutse ya yi nisa. Waƙar matarsa da munsharinsa tare suka tafi.

"To jama'a," Abdulfatah ya ɗaga murya don ya rinjayi ruwan da ke dukan kwano, "a ajiye maganar kwana tukuna. Fim ɗin kansa fa? Yaya kuka gan shi?"

"Akuyar nan ta fi kowa iya wasa," in ji Malam Haladu. Tsohon direba ne shi ma, abokin Hezekiya tun zamanin da suke jigilar Makurɗi. "Ɗana, ka sallami sauran, ka yi mata fim nata ita kaɗai."

Daga nan kowa ya kwance bakinsa. Wata daga cikin matan zumunta ta ce siket ɗin Madam Kyauta ya yi gajere ga mace mai wannan albarkar jiki. Wani ɗan keke ya ce ba a yi dambe ko sau ɗaya ba, fim ba duka ai wa'azi ne. Mai kabeji ta rantse ɗan sandan nan sak mai gidan hayarta, har yadda yake sosa ciki. Wani ya ce telan ya ci mutuncin teloli, za su kai ƙara ƙungiya. Wani tsoho da ruwa ya koro ya tambaya yaushe za a sa ƙwallo.

Abdulfatah ya bari suka sauke, sannan ya ce, "Wuri biyu ne kawai za a iya cirewa labari bai karye ba. Ko wajen akuya a masauki, ko waƙar kan dutse. Ɗaya zai tafi."

Loyis ta ji kamar an zuba mata ruwan randa a ƙeya. Akuya! Abin da ta ɗebo daga can ƙasan cikinta, abin da ko Precious ba ta taɓa jin sa daga farko har ƙarshe ba, yau an ɗora shi a sikeli da akuya. In aka ɗaga hannu aka yanke, shi ke nan, waƙar ta koma cikin buhunan dankali, kuma mutumin da aka yi dominsa bai ma ji ba.

"Wannan har tambaya ce?" in ji Hezekiya. "Cire waƙar. An ce fim ɗin dariya, mun zo dariya, sai kuma a mayar mana da wuri gidan makoki."

"Oga Hezi!" Akunna ce, mai shagon gyaran gashi, ta miƙe da hannu a ƙugu. A Bukuru aka haife ta, kuma a Bukuru ba a haifi wanda take tsoro ba. "Kai ka ji waƙan? Kai da ka yi barci har bakinka ya buɗe, ƙuda ya shiga ya gaisa ya fita?"

"Idona na rufe. Kunnena a buɗe yake."

"To me aka faɗa a ciki?"

"Abin da mata ke faɗa mana. Kuka."

"Kun gani?" Akunna ta juya ga jama'a. "Ni na san murya. Kullum mata suna zuwa shago na, suna shiga cikin draya suna kuka. Wannan ba yarinya ba ne. Wannan mata ne wanda ya tsaya a ƙofa yana jiran mutum har ƙafa ya yi sanyi. Na rantse miji nashi bai taɓa kai shi ko'ina ba."

Sai aka bar fim aka koma kan mai murya. Wani ya ce wata mawaƙiya ce daga Kano, ya san ta, har ya taɓa ɗaukar ta a keke. Wata ta ce ina, wannan numfashin na 'yar ƙungiyar mawaƙan coci ne. Wani mai gilashi ya ce duk ku huta, kwamfuta ce, yanzu inji ke yin murya. Mai kabeji ta ce ko wace ce, gwauruwa ce, ta ji maraici a muryar. Hassana, wadda ta san komai, ta cusa goro a baki ta ƙura wa rufi ido kamar an aike ta ƙirga ƙusoshi.

"To mijin nata ya ɗauke ta ya kai ta yawo mana, mu huta," in ji Hezekiya, yana gyara zama irin na wanda ya gama shari'a. "Namijin da zai ajiye mace a gida kamar turmi, ba zai nuna mata ko bayan gari ba, wannan ai sakarai ne. A gaya masa in ji ni."

Hassana ta shaƙe da goro, sai da aka bubbuga mata baya. Loyis kuwa, wadda iyakar tafiyarta a duniya Mararrabar Jama'a ce, shi ma biki ne ya kai ta, ta sunkuyar da kai tana duba farcenta.

"A mayar!" in ji Akunna. "A mayar da waƙan, Oga Hezi ya ji da ido a buɗe."

"A mayar! A mayar!" samari suka ɗauka, kamar an ci ƙwallo.

Abdulfatah ya danna rimot. Ruwan sama ya ɗan sassauta, kamar shi ma yana son ji. Talabijin ya yi fari da gajimare, bas ɗin tana tsaye a ciki kamar jirgin ruwa, Madam Kyauta a kan dutsenta. Aka ji ɗan gyaran murya, hm-hm. Sai muryar ta fito, ba ƙarfi, ba ado, tana ɗan rawa a ƙarshen kowane layi.

Motar safe ta tafi da nawa,
Ta bar mini hayaƙi a ƙofar gida.
Riyom, ki gaishe shi in ya wuce,
Akwanga, ki ba shi ruwa ya sha.
In rana ta faɗi bai dawo ba,
Rafin Balbela, ke kika riƙe shi.
Ki ajiye mini wuri a gindin lemo,
Wata rana zan zo in gani da idona.

Loyis ba ta kalli talabijin ba. Ta riga ta tafi.

Rafin Balbela. Tun Precious tana ciki ta fara jin sunan. A zamanin da Hezekiya ke jigilar Makurɗi, wani lokaci sai ya ƙi dawowa ranar da ya ce, sai washegari, ko jibi. In ta tambaya, ya ce mota ce ta ba da matsala a Rafin Balbela. Ta ce ina ne nan? Shi kuwa Allah ya ba shi baki. Ya ce wani ɗan ƙauye ne a cikin kwari, in ka saki titi ka gangara. Ruwan rafin garai-garai, kana hango duwatsun ƙasa kamar ƙwai a kwano. Da yamma balbelu suke sauka a kan itatuwa, fari fat, kamar dukan matan duniya sun shanya ɗankwalayensu. Mutanen wurin ba sa ɗaga murya. Akwai wata bishiyar lemo da ta sunkuyo kan ruwa, lemo ya nuna ya faɗa, ruwa ya kai wa mutanen gangare kyauta. Rigarsa takan dawo da ƙamshin wani sabulu da ba na gidan ba. Ya ce ruwan rafin ne haka, ko tsumma ka wanke sai ya yi ƙamshi.

Ta yarda. Ko kuma ta zaɓi ta yarda, wannan tsakaninta da Mahaliccinta. Abin da aka sani dai, ta gina wurin nan a cikin kanta, ɗaki bayan ɗaki. Ta ƙara masa gadar katako da Hezekiya bai ambata ba. Ta raɗa wa mutanen sunaye, har da wata tsohuwa mai kiwon agwagi da suke gaisawa. Lokacin da gari ya rikice aka kulle ƙofofi, yara suna ƙarƙashin gado, can ta gudu ta zauna a bakin ruwa. Lokacin da aka kwantar da ita a asibiti, balbelun ne suka yi ta sauka a kan silin har zazzaɓin ya sake ta. Ko da rana tsaka a kasuwa, in ciniki ya tsaya, takan tsoma ƙafa a ruwan nan ta ji sanyinsa har gwiwa. Waƙar kuwa a ranakun da bai dawo ba ta haɗa ta, da goyo a baya. Shi ya sa bai taɓa jin ta ba. In yana gida waƙar ba ta da aiki.

Muryar ta yi ƙasa, ta ɓace cikin gajimare. Abdulfatah ya tsayar da hoton. Ba abin da ake ji sai gurnanin janareto da ɗigar ruwa a bokitin da Gyang ya tara a lungu.

Hezekiya bai yi barci ba wannan karon. Hularsa tana hannu, wuyansa ya sandare kamar na wanda aka ɗora wa tulu.

"Waƙa dai ta yi daɗi, ba ƙarya," in ji Malam Haladu, yana share ido da bakin riga. "Amma ɗana, wa ya tsara maka ita? Riyom na sani. Akwanga na sani, har ramukan titinta na san su da suna. Rafin Balbela kuma a ina? A hanyar nan na cinye ƙuruciyata, ban taɓa ganin ko allonsa ba."

"Babu shi," in ji wani direba.

"Ko a hanyar Shandam babu," in ji wani.

Akunna ta ciro waya ta shafa ta shafa. "Waya ma ya ce bai san shi ba." Sai ta tafa hannu. "Ehen! Na gane! Wani namiji ne ya yi ma matan nan ƙarya. Ya je inda ya je, ya dawo gida ya ba wurin sunan tsuntsu!"

Dariya ta sake tashi, ta fi ta akuya ƙarfi.

Gaskiyar magana, tunda dai an zo nan: a bayan tashar Akwanga a wancan zamani akwai wata mai tuwo, sunanta Ana, doguwa mai wushirya, mai son sabulu mai ƙamshi. Ta daɗe da komawa ga Ubangijinta, Allah ya ji ƙanta, ba za a tsawaita ba. Duk tsofaffin direbobi sun san inda motar Hezekiya ke lalacewa. Abin da ba su sani ba shi ne sunan da ya raɗa wa wurin a gida.

Loyis ta ji dariyar kamar daga wani gari. A cikin kanta balbelun suka tashi gaba ɗaya, fir, suka bar itatuwa tsirara. Ruwan ya ja baya yana tsotsewa cikin yashi. Tsohuwa mai agwagi ta shige ɗaki ba sallama. Ba maganar mace ce ta kayar mata da gaba ba. Wannan tun zamanin sabulu hancinta ya gaya mata, ta ce da hancin ya yi shiru. Amma ta ɗauka ko da akwai mace, akwai rafi.

Hezekiya ya dafa benci ya miƙe a hankali, gwiwoyinsa suna ƙara. Bai juya baya ba. Ko'ina ya kalla ban da baya.

"Akwai shi," ya ce.

"Akwai me, Oga Hezi?"

"Rafin Balbela. Akwai shi. Na sha kwana a can."

"Haba Hezekiya!" in ji Haladu. "A ina?"

"Bayan Gwantu. In ka wuce gada, ka saki titi ka yi hagu. Ba allo. Sai wanda ya sani." Bai tsaya nan ba. "Ruwa garai-garai. Akwai lemo a bakin ruwan. Da yamma tsuntsaye, fari fat. Wanda bai gani ba ya rufe bakinsa, ba duk abin da ke duniya ne ke cikin waya ba."

Mutumin da ɗazu ya kusa cinye Abdulfatah ɗanye saboda kwana guda, ga shi tsaye yana shimfiɗa titi sukutum a inda babu.

Haladu ya buɗe baki zai yi gardama. Sai ya ga gumi a goshin abokinsa. Ya bi inda Hezekiya ya ƙi kallo da ido, har bencin baya, ya ga Ngo Loyis zaune kamar gunki. Ya rufe bakin. Ya haɗiye miyau da ƙyar.

"Au. Hagu ka ce? E to. Kamar dai na taɓa ganin wata 'yar hanya a wajen. Tsufa ne."

Loyis ta ga wannan haɗiyar miyau. Da akwai sauran kokwanto, a nan ya ƙare.

"Oga Hezi," in ji Akunna, ta karkata kai tana ƙare masa kallo, "ana wannan sanyi kai kana zufa?"

"A ɗaga hannu a gama," in ji Hezekiya.

Abdulfatah ya ce masu son a bar akuya su ɗaga. Samari da 'yan keke suka ɗaga, har da tsohon da ke jiran ƙwallo. Ya ce masu son a bar waƙa fa. Hannun Hezekiya ne ya fara tashi, can sama, kamar ɗan makarantar da fitsari ya matsa. Akunna ta ɗaga, Hassana ta ɗaga, Haladu da wasu mata suka bi. Amma ko makaho ya shafa ya san akuya ce a gaba. Abdulfatah ya dubi bencin baya, idonsa kamar mai neman gafara.

Loyis ta miƙe. Ta kwance zani ta sake ɗaurawa, ba gaggawa. Za ta yi magana, sai ta gyara murya kamar kullum.

Hm-hm.

Akunna ta juyo da sauri har ɗan kunnenta ya faɗi. "Yesu na! Mama!"

Magana ta bi benci-benci kamar wuta a busasshiyar ciyawa. Mai kabeji ta dafe ƙirji, ita da ta ce gwauruwa ce. Mai gilashin kwamfuta ya cire gilashin. Ɗan keken da ya taɓa ɗaukar mawaƙiyar Kano ya sauke hannunsa na akuya, ya ɗaga ɗayan. Hannuwa suka yi ta tashi, wasu biyu-biyu, har akuya ta rasa mai tsaya mata sai tsohon ƙwallo.

"Abdulfatah."

"Na'am, Mama."

"Akuya ba ta yi mini laifin komai ba, amma ta yi haƙuri. Ka bar waƙar."

"An bar ta, Mama."

"Ka kuma sa sunana. Loyis Hezekiya. Da manyan baƙaƙe, yadda mai barci ma in ya farka zai gani."

Ta ratsa tsakanin bencina, mutane suna janye ƙafafu, har ta tsaya a gaban mijinta. Sai yanzu ya kalle ta. Abin da ta goge riga dominsa ke nan, ya zo, amma ya zo a makare, da gumi a goshi.

"Baban Precious."

"Na'am." Tun da aka ɗaura musu aure ba a taɓa jin ya amsa mata da na'am ba.

"Ka ce akwai shi."

"Akwai."

"Bayan Gwantu, a yi hagu."

"Hagu."

"A gaban mutane ka faɗa. Malam Haladu ma ya ga hanyar."

Malam Haladu ya karɓi aikin Hassana na ƙirga ƙusoshin rufi.

"To gobe in an tashi sujada a coci ka kai ni," in ji Loyis, a hankali, kamar tana faɗa masa kuɗin cefane. "Ka kori kajin nan daga cikin fijonka, ka sa wa tayoyin iska. Zan tafi da wankina, in ji ƙamshin ruwan nan da hancina."

"Maman Precious, damina ce. Hanyar, kin san, laka. In ba mu same ta da wuri ba..."

"Sai ka yi ta nema. Zan jira a mota." Ta ja suwaitarta ta rufe wuya. "Jira ai shi na fi iyawa."

Ta juya ta nufi ƙofa. Gyang ya taso da sauri zai ce mata a hankali, bai kai ba. Ta fita cikin yayyafi, ta jawo langa-langar da dukan ƙarfinta. Garam! Bango ya amsa, rufi ya amsa, ruwan da ya taru a kwano ya zubo a tsakiyar sanƙon Hezekiya, yana tsaye, hannunsa har yanzu a sama.